Gidajen Yuro 1 na Sisili: mu saya mu gyara mu mai da shi masaukin baƙi, zai fitar da mu?

Maman_Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah mazauna Italiya ko duk wanda ya san harkar nan ku ba ni shawara. Ni da maigidana muna Leeds, ni aikin kula da tsofaffi nake shi kuma tuƙin bas, alhamdulillah mun samu fasfon Birtaniya amma wlh gajiya ta kai mana ko ina, ga aikin dare ga sanyi ga kuɗin haya da ke lamushe albashi tun kafin ya shigo. To shi ne fa maigidan ya kamu da kallon bidiyon gidajen nan da ake sayarwa Yuro 1 a ƙauyukan Sisili, tsibirin nan na kudancin Italiya, irin su Mussomeli da Sambuca da su waye, yanzu ya kafe sai mun tattara mun koma can, mu sayi ɗaya mu gyara, mu zauna a ƙasa, ɗakunan sama mu riƙa saukar da 'yan yawon buɗe ido ni kuma ina musu girki. Abin da muka tara kusan fam 55,000 ne, yaranmu biyu, babbar tana firamare. Ni dai zuciyata ta rabu biyu. Da gaske ne Yuro 1 ɗin? Kuma kuɗin nan zai isa?

Sani_Brescia:

Wa alaikumus salam Anti. Yuro 1 ɗin gaskiya ne, ba damfara ba ce, ƙananan hukumomin ne da kansu ke shirya abin saboda matasa sun watse zuwa arewacin ƙasar da Jamus an bar tsofaffi da kangaye. Tun 2008 magajin garin Salemi ya fara kawo shawarar, Sambuca kuma ta yi suna a 2019. Amma fa a Sambuca gwanjo aka yi, daga Yuro 1 aka fara tayi, mafi yawan gidajen sai da suka kai dubbai. Sannan za ku ajiye jinginar Yuro 5,000 ku sa hannu cewa za ku gama gyara cikin shekara 3, in ba ku gama ba kuɗin ya tafi.

Amma ni ba ma wannan ne ya dame ni ba. Anti takarda. Sayen gida a Italiya ba ya ba mutum izinin zama ko na kwana ɗaya. Tun da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai, da fasfonku kwana 90 kawai kuke da shi a cikin kowane 180, kuma a matsayin baƙi, ba masu sana'a ba. Bizar da masu bidiyon nan suke shigowa da ita yawanci residenza elettiva ce, ita kuma sai ka nuna kuɗi na shigo maka kusan Yuro 31,000 a shekara ba daga aiki ba, fansho ko haya ko makamancinsu, in da iyali abin ya ƙaru, kuma sharaɗinta ba za ka yi aiki a ƙasar ba. To kin ga ga masauki ga girki, ai aiki ne. Bizar masu aikin kansu, lavoro autonomo, tana ƙarƙashin kason da gwamnati ke fitarwa a decreto flussi, wato dokar da ke ƙayyade yawan ma'aikatan waje da za a bari su shigo, kuma gurbin kaɗan ne ƙwarai. Ta masu zuba jari kuwa mafi ƙanƙantarta Yuro 250,000 ne a sabon kamfanin ƙirƙira, kuma gida ba ya cikin lissafinta sam.

Ku fara zama da lauyan shige da fice kafin ku kalli ko da hoton gida ɗaya.

Injiniya_Bala:

Malam Sani ya gama magana kan takarda, bari in taɓa ɓangarena. Hajiya duk gidan da aka ce Yuro 1 to da walakin goro a miya. Yawanci gidajen tsakiyar tsohon gari ne da aka rufe shekara da shekaru, rufi ya zube, ruwa ya shiga bango, wayar lantarki da famfo duk sai an sake daga farko. Kuma yankin ana girgizar ƙasa, ita Sambuca ɗin ma ta 1968 ta kwarin Belice ce ta kori mutane da dama daga gidajen, don haka in za a taɓa ginshiƙi ko rufi dole injiniya mai rajista ya zana ya kai ofis a amince, ba wai ka kira magini ka ce fasa nan ɗora nan ba. In gidan yana cikin unguwar tarihi akwai hukumar adana kayan tarihi, Soprintendenza, ita ma tana da ta cewa har kan taga da launin bango. In an tarar da rufin asbestos ko tankinsa, wanda suka hana tun 1992, kamfani na musamman ne kawai zai cire, da kuɗinka.

Wani abin da mutane ba sa lissafawa, lungunan nan mota ba ta shiga wasunsu. Yashi da siminti da ɓaraguzan da za a kwashe duk sai da 'yar ƙaramar mota ko a hannu, kuma leburan can ba na gida ba ne da za ka sallama da ɗan abin da ya samu.

Sai takardun gidan kansa. Kamar gidan gado ne a cikin birni, kaka ya rasu ba a raba ba, magada goma sha, wani yana Ajantina wani yana Beljiyam, kuma sai kowa ya sa hannu kafin notaio, wato jami'in shari'a mai tabbatar da cinikin gida, ya rubuta ciniki. Wani gidan kuma an ƙara ɗaki ko bene ba izini, abin da ke ƙasa bai yi daidai da zanen da ke ofishin filaye ba, in ka saya matsalar ta zama taka. Shi ya sa kafin komai ku ɗauki geometra, wato masanin awon gini da takardunsa, naku na kanku, ba wanda dillali ya kawo ba, ya duba. Harajin rajista kaɗai ba ya yin ƙasa da Yuro 1,000 ko da gidan na Yuro 1 ne, ban da kuɗin notaio da mai fassara tunda ba ku jin yaren.

Ra'ayina, fam 55,000 zai iya tayar da ƙaramin gida ku zauna a ciki. Amma gidan iyali haɗe da ɗakunan baƙi kowanne da banɗakinsa da na'urar sanyaya ɗaki, sannan a ci a sha har baƙi su fara zuwa? Ban ga alama ba. Gara ma gidan da ke tsaye da rufinsa da ake sayarwa 'yan dubbai a garuruwan nan ɗin dai, sau da yawa shi ya fi sauƙi in an tattara lissafi, kuma babu wa'adin shekara 3 a wuyanku.

Dan_Fagge:

Ni dai in an buɗe a ajiye min ɗaki ɗaya, in dai akwai masa da miyar taushe da safe 😂 Amma tsakani da Allah wa zai bar Roma da Venis ya tafi ƙauye?

Hajiya_Palermo:

Ɗan Fagge wasa kake amma tambayarka ita ce maganar. Maman Ilham 'yar uwa, ni ina Palermo da daɗewa kuma ina zuwa garuruwan nan. Kyau kam akwai, Sambuca har yanzu da unguwar Larabawa mai 'yan lunguna, don Musulmi sun mulki tsibirin nan tun daga shigowarsu a 827 har 1091, sunan garin ma Sambuca Zabut ne a da. Mussomeli kuma ga katafariyar fadarta a kan dutse. Amma baƙo yakan zo ya zaga ya ɗau hoto ya ci abinci ya wuce, kwana kuma a bakin teku yake yi, Cefalù ko Taormina ko Sciacca ko nan Palermo. Sambuca ta ɗan fi dama saboda kusan tafiyar awa ɗaya ce daga nan kuma ba ta da nisa da teku da kangayen Selinunte. Mussomeli tana can tsakiyar tsibiri cikin duwatsu, in ba ka da mota ka shiga uku. Kuma kasuwar ta 'yan watanni ce, daga bazararsu zuwa farkon kaka, lokacin sanyi gari tsit, alhali harajin gida da wuta da gas ba sa hutu.

Sai ruwa, wannan kar ki ɗauke shi da wasa. A 2024 fari ya yi tsanani har aka riƙa raba ruwa bi da bi a yankin Agrigento da Caltanissetta, wasu unguwanni sai su yi kwanaki famfo bai kawo ba, har wasu masu masauki suka riƙa mayar da baƙi. Mussomeli a lardin Caltanissetta take, Sambuca a na Agrigento. Duk gidan da za ku duba ki tambaya ina tanki, lita nawa yake ci, kwana nawa ake yi kafin a sako ruwa. Bature zai yi wanka sau biyu ya bar famfo a buɗe, ranar da ya murɗa babu kuma ya rubuta ƙorafi a kanki a Booking, shafin da ake kama masauki, shi ke nan. Zafi ma ba baya ba, a Agustan 2021 an auna digiri 48.8 a ma'aunin Celsius kusa da Siracusa.

Sannan ku zauna ke da maigida ku yi magana ta gaskiya kan irin baƙin da za ku sauka. Yankin Sambuca da Menfi gonakin inabi ne, da yawan masu zuwa giyar ce ta kawo su, za su shigo da kwalabensu, za su zo mace da namiji ba aure, wani da karensa, kuma ba ki da hurumin tsayawa tantance su a bakin ƙofa. Gida ɗaya da yaranki fa. Wasu za su ce to ku nemi baƙi Musulmi, eh akwai su, amma su cika miki ɗakuna a ƙauye duk shekara, da wuya. Naman halal da masallacin Juma'a da islamiyyar yara kuwa sai dai ku riƙa shigowa birni, mu nan kasuwar Ballarò muke saye.

Dokar masaukin ma da aikinta: a kai sanarwar fara sana'a comune, wato ƙaramar hukuma, a karɓi lambar CIN ta rajistar masauki da ta zama dole tun farkon 2025, kowane baƙo a tura sunansa ga 'yan sanda ta intanet cikin awa 24. Girkin da kike so ki yi musu kuma, karin kumallo daban, sayar da abincin rana da na dare izininsa daban. Duk da Italiyanci ake yi, ma'aikacin ofishin ƙauye ba zai miki Turanci ba.

Maman_Ilham:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na tura wa maigidan, ya yi shiru dai tukuna 😅 Hajiya to in mun saya kawai mu riƙa zuwa hutu, wani ya kula mana da baƙin, ya kike gani?

Hajiya_Palermo:

Wannan ya fi kama hankali, don ba ku saki aikinku ba kuma kwana 90 ɗin ya ishe ku. Akwai masu riƙe wa mutane gida su karɓi baƙi su yi shara su ɗauki kasonsu, ku kuma ku biya harajin haya, kashi 21 ne a gida na farko in an bi tsarin cedolare secca mai tsayayyen kaso, ga IMU, wato harajin mallakar gida, na gidan da ba a cikinsa kuke zaune ba. Riba ba za ta taka kara ta karya ba, in gidan ya riƙe kansa ma ku gode Allah. Amma kafin nan ku zo ku kama haya a garin da kuke so na sati biyu ko uku a watan Janairu ko Fabrairu, ba Agusta ba, da yaran, ku ga yadda yake in ba kowa. In kun shigo Palermo ki min magana ta inbox in raka ku.