Jika 900 gare ni: in sa sola a gida, ko in ci gaba da haƙuri da gurup?

Malamin lakwal, Ali Ɗan Sofo:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma na fi son ta wanda ya taɓa abin da hannunsa ko ya kwana da shi a gidansa.

Gidanmu na gado ne, ɗaki 4 da falo, rufin kwano. Mu 9 ne a ciki har da Inna, wadda ta manyanta kuma tana fama da hawan jini. Da bazara ta kama, in aka ɗauke kuran da dare, ɗakinta sai ya koma kamar tanda. Sai mu fito mata da tabarma tsakar gida, jikarta ta zauna tana yi mata fifita har barci ya sace yarinyar, mafici ya faɗi, sauro ya karɓi aiki. Wannan shi ne babban abin da ke ci mini rai.

Na biyu sana'ar maiɗakina ce. Tana ƙulla ƙanƙara da zoɓo da ruwan tsamiya a leda, kuma da kuɗin nan ake yin cefane rabin wata. A azumin da ya wuce akwai ranar da kuran ya tafi tun hantsi bai dawo ba sai bayan isha'i. Daf da shan ruwa yara suka cika ƙofar gida da ƴan dalolinsu, ta buɗe firiza ta tarar ledoji na iyo cikin ruwa. Haka ta sallame su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ce komai ba, amma na ga fuskarta.

Ina da ƙaramin gurup. Ba ya iya ɗaukar firiza da fanka lokaci guda, yana shan isansi, ga ƙara, ga hayaƙi. Maƙwabcina mutumin kirki ne, sau ɗaya kawai ya taɓa yi mini magana, ni kuwa tun ranar kunya ke kama ni in na tashe shi bayan ƙarfe 11.

Bana na sayar da ayar da na noma, na haɗa da kuɗin wani sa da na yi kiwo, jika 900 suka taru. Na shiga shaguna biyu a kasuwa. Na farko ya ce fanno 4 da batir 4 na ruwa, zan kunna komai har da kilim. Na biyu ya ce batirin ruwa asarar kuɗi ne, in sayi na litiyom guda. Na fito kaina ya fi ɗaurewa. Kayan da nake so su yi aiki: fanka 3, ampul 6, tele, cajin waya, da firizar nan. Ta ina zan fara? Kuma in na sa, in cire kwantar gaba ɗaya ne?

Mai haɗa sola, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Kada ka fara daga shago, fara daga takarda da biro, tunda lissafi aikinka ne.

Abin da ke cin kuɗi a sola dare ne. Da rana fanno na ba ka wuta kai tsaye, amma duk abin da ka kunna bayan magariba daga batir yake fitowa, batir kuwa shi ne mafi tsada kuma shi ke fara mutuwa. To lissafa darenka. Fanka irin ta rufi tana cin wajen wat 60. Guda 3 na awa 10, in ka ninka wat da awa, 1800 ke nan. Ampul 6 masu wat 10 na awa 5, 300. Tele da caji ka ba su 400. Jimla wajen 2500 a dare guda, ba a ma taɓa firiza ba.

Batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya 200, a rubuce yana riƙe 2400, wato 12 sau 200. Amma rabi kawai ake ci, in kana zuƙe shi har ƙasa kullum ba zai daɗe ba. Wato 1200 ne naka. Ka ga guda 2 ma da ƙyar za su kai ka asuba.

Yanzu duba inda kuɗin ke zubewa: fanka ce. In ka canza su da fankokin sola masu cin wat 25, 1800 ɗin nan ya sauko 750, darenka duka ya koma ƙasa da 1500. Kuɗin fanka 3 bai kai na batir guda ba. A nan batirin litiyom mai bolt 24 da amfiya 100 ya ishe ka, don shi ana iya cin kashi 80 cikin 100 na abin da ke cikinsa, kuma ba a zuba masa ruwa. Mai shago na biyun nan ya fi kusa da gaskiya. Maganar kilim kuwa ka ajiye ta, kuɗin nan ba su kai can ba.

Fanno mai wat 550, a ranarmu ta Maraɗi, ka ƙaddara zai ba ka wajen 2000 a yini bayan an cire asara. Mutane na zaton tsananin zafi ne ke ƙara masa ƙarfi. Haske yake so. Lambar da ke bayansa an auna ta ne a zafin digiri 25, kuma duk digirin da ya ƙaru ƙarfinsa na raguwa kaɗan kaɗan, shi ya sa ba a manna shi jikin kwano. A ɗaga shi iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa, ya fuskanci kudu, a jingine da kamar digiri 15. Da firiza a lissafi, guda 3 nake ba ka shawara saboda hazon hunturu.

Abu 3 kada ka yarda a yi maka arha a kansu. Regilater, na'urar da ke daidaita cajin batir daga fanno, ya zama irin wanda ake kira MPPT. Ondiler, na'urar da ke juya wutar batir ta koma ta kayan gida, ya zama mai ba da wuta tsabtatacciya irin ta layi, kuma mai ƙarfin da ya zarce buƙata, don injin firiza in zai tashi yana fizgar ninkin abin da yake ci sau da yawa. Sai waya: mai kauri, ta jan ƙarfe, da fis tsakanin batir da na'ura, da ƙarfen da ake kafawa a ƙasa saboda tsawar damina. Gobarar sola da na gani, siririyar waya ce ta jawo ta. Farashi ba zan faɗa ba, yana motsi da kuɗin Najeriya da halin iyaka. Ka karɓi lissafi a rubuce daga shago 3, da garanti a takarda.

Hajiya, unguwar Zariya:

Ɗana, saurari mai haɗa solan nan, da na same shi da wuri da ban yi kukan da na yi ba. Ni ma ƙanƙara nake sayarwa, shekara da shekaru. Na sayi batir 4 na ruwa, wanda ya haɗa mini ya jibge su cikin ɗakin ajiya mai kwano, ba taga, kusa da buhunan hatsi. In ka shiga da azahar kamar ka shiga gidan burodi. Kuma bai gaya mini ana duba ruwansu ba. Ba su cika shekara 2 ba suka kumbura kamar cikin akuya ta ci rogo. Daga baya na ji cewa zafi ne babban makashin batir. Yanzu nawa yana ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a gidan, bisa katako, ba ya taɓa ƙasa.

Ga abin da zan faɗa wa ɗiyata maiɗakinka. Firiza da rana ake ciyar da ita. Ni da hantsi nake kunna tawa, lokacin rana ta hau fanno sosai, in kashe ta bayan la'asar. Ƙasanta na jere robobin ruwa manya da suka daskare, ba na sayar da su, ba na taɓa su. Su ke riƙe sanyi har gari ya waye. In rufe, in jefa bargo a kan murfin, amma ban toshe gefen da take fitar da zafi ba. Kuma a hana yara buɗe-buɗe. Ledojin gobe da safe ake zuba su, kada a zuba da dare. Da haka batir ya zama na fanka da fitila kawai.

Sai shara. Lokacin hunturu in ka shafa yatsa a kan fanno za ka iya rubuta sunanka. Jikana ke hawa da sassafe, kwana 2 ko 3, da tsumma mai laushi da ɗan ruwa, kafin gilashin ya yi zafi. Ranar da ya yi ƙiwa, a ƙanƙara nake ganewa.

In kuɗin ba su kai ba, kada ka ci bashin ruwa. Ni fanno na uku da kwasar adashe na saye shi. Asusun Mata Masu Dubara ai a nan jihar Maraɗi aka fara shi tun 1991, matarka ta shiga ɗaya, ribar ƙanƙarar da kanta za ta ƙaro muku kaya.

Tsohon ma'aikaci, Bagalam:

Malam, ni kan tambayarka ta ƙarshe zan tsaya. Kada ka cire kwantar. A watan Agusta akwai kwanakin da hadari ke rufe sama tun safe, a hunturu akwai ranar da za ka kalli rana da idonka kamar faranti. A irin ranakun nan layi ne zai cika maka batir. Abin da za ka kiyaye, a sa maka makunnin da ke raba wutar gida da ta layi. In wutarka ta koma kan waya alhali an ɗauke kuran, mai gyara yana bisa fal yana zaton babu komai, ka ɗauki alhakin rai.

Amma sa solar kam ka sa. Wutar da muke sha a nan da Damagaram mafi yawanta daga Katsina take shigowa ta Gazawa. Kowa ya ga abin da ya faru a Agustan 2023 da Najeriya ta yanke layi bayan takunkumin CEDEAO, ba a ɗage shi ba sai Fabrairun 2024. Gidajen da ke da fanno a unguwarmu su suka zama wurin cajin waya da shan ruwan sanyi. Ƙasa ma ta nan ta nufa: tashar Malbaza mai megawat 7 tun 2018, ga ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30. Kuma abin ba baƙo ba ne gare mu. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, haifaffen Tasawa ne, tun 1969 ya jagoranci binciken hasken rana a ƙasar nan, yana ƙera tukunyar dafuwa da na'urar ɗumama ruwa. Allah ya jiƙansa. Ina tuna shi duk lokacin da na ga fanno bisa rufin talaka.

Manomin rani, Jiratawa:

Baba ya yi gaskiya. Malam, tunda kana noma, ka sa wannan a ranka don gaba: famfon sola ba ya buƙatar batir. Rana ta fito ya ja ruwa ya cika shato, dare ya yi ruwan na nan. Tun da na sa a garkata na daina ɗaukar jarka zuwa neman isansi. In akwai rijiya a gidanku, a nan kuɗi ke saurin dawowa.

Malamin lakwal, Ali Ɗan Sofo:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya bayan isha'i na zauna da biro kamar yadda aka ce, na bi kayan gida ɗaya ɗaya ina karanta lambar da ke jikinsu da fitilar waya. Fankar ɗakin Inna tsohuwa ce, 75 na gani a rubuce, ta ma fi abin da aka ƙiyasta. Ita zan fara canzawa ranar Asabar, tun kafin a zo maganar fanno.

Hajiya, na karanta wa maiɗakina saƙonki har sau biyu. Ta riga ta wanke robobi 6 ta cika su, ta ce za ta gwada dabarar tun yanzu da wutar layi ta ga ko sanyin zai kai safe. Tana gaishe ki ƙwarai. Baba, kwantar na nan, ba zan taɓa ta ba. Rijiya kuwa babu a gidan, amma akwai a gonarmu ta hanyar Tibiri, sai baɗi in Allah ya kai mu.

Saura abu guda, mai haɗa sola. Na hau rufi da safe na duba, gefen kudu akwai bedin da mahaifinmu ya shuka, inuwarsa na sauka kan kwanon daga wajen ƙarfe 3 na yamma. Inna ba za ta yarda a sare shi ba, ni ma ba na so, a ƙarƙashinsa take yin wuni. Inuwar reshe ɗaya ko biyu tana rage wuta sosai ne, ko sassabe ya isa? In kuwa ba zai yiwu ba, akwai fili bisa rufin zaure, sai dai daga can zuwa ɗakin da zan ajiye batir ya kai mita 15. Wace irin waya zan nema?