Me za a kira mai fito da sabon abu?

Assalamu alaikum malamai da manazarta Hausa. Ana shirya takardar yabo ga wani maƙerin Panteka a nan Kaduna, wanda ya sauya fasalin injin markaɗe ya koma aiki da hasken rana maimakon fetur. Rubutu ya cije a kan kalma ɗaya: me za a kira shi?

Maƙirƙiri ce ta fara zuwa, kuma gininta ba aibi: ma- a gaba, -i a ƙarshe, kamar maƙeri, jam'i maƙirƙira. Sai dai shi bai ƙirƙiro injin ba, wanda ake da shi ya inganta. Ga shi kuma kunnen Bahaushe ya saba jin ƙirƙira tare da ƙarya, kamar a ce ƙirƙirarren labari.

Maƙagi an fi jin ta a kan Ubangiji. Mujaddadi ta yi nauyi, ta irin su Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ce. Ɗan bidi'a kam ba a ma maganarta, ko da yake asalinta a Larabci sabon abu ne, a nan zagi ce. Mai fasaha ta yi faɗi, tela ya shiga, mawaƙi ya shiga.

Saura mai kawo sabon salo, amma layin takardar ba ya ɗaukar fiye da kalmomi biyu. Shin akwai kalmar da ta raba wanda ya fara abu daga tushe da wanda ya sabunta shi? Mai sabuntawa za ta wadatar, ko masabunci zai karɓu a kunne? Ranar Alhamis za a kai wa mai ɗab'i, a taimaka don Allah.