Muhawara: dokar hana haska wasan ƙarfe uku a Ingila, kariya ce ko zalunci?

Ɗan United: Jama'a ni fa na daɗe ina faɗa kuma yau ma zan ƙara, dokar nan da ta hana haska wasan ƙarfe uku na ranar Asabar a Ingila zalunci ce tsagwaronta, ya kamata a ce tuntuni an soke ta. Ku tuna ranar 11 ga Satumba 2021 da Ronaldo ya dawo United, wasansa na farko da Newcastle a Old Trafford, ya ci biyu aka tashi 4-1, gidajen kallo a Kano da Kaduna da Damagaram duk sun haska kai tsaye amma mutumin da ke zaune a cikin garin Manchester in dai bai samu tikiti ba babu tashar da ta nuna masa, sai dai ya kunna rediyo ko ya jira dare a nuna masa gutsure. Kulob ɗin garinsu ne fa, kuma kuɗin tashoshin nan yake biya duk wata. Wane irin tsari ne wannan fisabilillahi?

'Yar Chelsea: Kuma ba wasanninsu kaɗai ba, har na wasu ƙasashe dokar ke tarewa. El Kilasiko na Oktoban 2023 wanda Bellingham ya ci Barcelona biyu, ƙarfe uku da kwata agogon Ingila aka take, ba a haska shi kai tsaye a can ba, alhali yaron ɗan ƙasarsu ne. Ni ina bayanka a wannan.

Na Birmingham: Ƙanena ka bi a hankali, bari in fara da yadda dokar take sbd da yawa ba su san ta ba. Daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yammacin Asabar ba a haska ƙwallo kai tsaye a talabijin, ko ta gida ko ta waje. Tun shekarun 1960 ake wannan, wanda aka fi dangantawa da ita shi ne Bob Lord shugaban Burnley na lokacin, shi ya dage cewa in aka sa manyan wasanni a talabijin a wannan lokacin to ƙananan filaye za su zama kango. UEFA ma ta yarda da hakan a sashe na 48 na dokokinta, kowace ƙasa tana da damar ta ware sa'o'in da ba za a haska ba, Ingila da Sikotilan suna amfani da damar. To kai kana kallon United ne kawai, ka manta kulob 92 ne a manyan rukunai huɗu, a ƙasansu kuma akwai ɗaruruwa na ƙananan garuruwa waɗanda ko sunansu ba ka taɓa ji ba, duk yawanci ƙarfe ukun nan suke bugawa, kuma abin da suke rayuwa da shi kuɗin ƙofa ne da ɗan abincin da ake saye a filin. Ni ina zuwa irin waɗannan filayen, za ka ga tsoho da jikansa sun zo cikin sanyi sun biya sun shiga. Ranar da aka ce Liverpool da City na talabijin a daidai lokacin kuma ana yayyafi, kana ganin jikan nan zai yarda ya fito?

Ɗan United: Yaya ai wanda ke son kulob ɗin garinsu zai je ko me ake nunawa. Wanda ba ya so kuma ko ka kashe masa talabijin ba zai je ba, waya zai ɗauko ya nemi hanyar sata ya kalla. Dokar ba ta cika fili ba, ɓarayin intanet kawai take ciyarwa.

'Yar Chelsea: Ga Jamus nan ma hujja. Su ƙarfe 3:30 na Asabar ne babban lokacinsu kuma ana haska wasannin kai tsaye a cikin ƙasar, har da tashar da ke tsalle daga wannan fili zuwa wancan duk inda aka zura ƙwallo, amma filin Dortmund mai cin mutum sama da 81,000 kullum a cike yake maƙil. In da talabijin ke korar 'yan kallo ai da Jamus ce ta fara zama kufai.

Na Birmingham: Hajiya Dortmund ai ba ita ake ji wa tsoro ba, United da Arsenal ma ko sau goma za a haska su filinsu zai cika. Maganar ta na ƙasa ce. Kuma Jamusawan da kika kawo su ma sun ware lokaci, rukuninsu na biyu ba ya bugawa a daidai 3:30 ɗin, ana gama nasu na rana kafin manya su fara. Wato su ma sun san matsalar, hanyar maganinta ce ta bambanta. Ko a ƙauyukanmu ai ba a haɗa ranar kasuwa, in babbar kasuwa na ci Laraba to ƙaramar da ke kusa sai ta ɗauki Alhamis, in ba haka ba ba mai zuwa mata. Amurka ma da ake cewa komai kuɗi ne, akwai dokar 1961 da ta sa gasar NFL ta ƙwallonsu na hannu ba ta haska wasa Juma'a da daddare da ranar Asabar daga wajen tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Disamba, don a bar wa 'yan sakandare da jami'o'i ranakunsu. Kuma ba tsoron banza ba ne, Bury da ta shekara sama da ɗari aka kore ta daga gasar ƙwararru a 2019 sbd matsalar kuɗi, shekara na zagayowa Macclesfield ta rushe.

Ɗan United: To ai da dokar a raye suka mutu yaya! Me ta tsinana musu?

Na Birmingham: Rashin iya riƙon masu kulob ne ya kashe su, ban ce talabijin ba ce. Abin da nake nuna maka shi ne yadda suke a bakin rami, ɗan abu kaɗan ke tura su.

Mai Gidan Kallo: Ku yi haƙuri in shigo, ni sana'ata ce wannan, jadawalin nan shi nake rubutawa a allo duk sati. Gsky ku biyun kuna faɗa ne a kan dokar da masu kuɗi suka riga suka rarake ta ta ciki. Firimiya wasa 380 ne a kaka, yarjejeniyar haska wasanni da ta fara aiki a kakar 2025/26 ta fam biliyan 6.7 ce na shekara huɗu, tashar Sky na da aƙalla wasa 215, tashar TNT na da 52, wato kusan 270 kenan ake haskawa a can cikin gida. Ta yaya suka yi ba tare da sun taka doka ba? Sai suka riƙa kwashe wasannin daga ƙarfe uku, wannan a kai shi 12:30, wannan 5:30, wannan Lahadi ƙarfe biyu ko 4:30, wannan Litinin da daddare, wani ma Juma'a. Da can in ka duba allona ranar Asabar ƙarfe uku wasa shida bakwai ne a jere har sai na raba talabijin uku ana rigima kan wanda za a sa wa sauti, yanzu wani satin uku ne kacal ko huɗu kuma galibi ba manya a ciki. Ƙananan rukunan ma da ake cewa ana karewa sun sayar wa Sky wasa sama da dubu a kaka tun 2024, fam miliyan 935 na shekara biyar. To ni a ganina tambayar ba ta a soke ko kar a soke ba ce, tambayar ita ce waye ke da ikon sa lokacin wasa, kuma amsar tun 1992 aka bayar da ita lokacin da aka kafa Firimiya a kan kuɗin Sky.

'Yar Chelsea: Oga ai kai riba ce gare ka, wasa biyar a lokuta biyar ya fi wasa biyar a lokaci ɗaya, sau biyar za ka karɓi kuɗin ƙofa.

Mai Gidan Kallo: Haka ne anti ban musa ba, amma sau biyar kuma zan tada janareta in an ɗauke wuta, kuma ba kowane wasa ke mayar da kuɗin mai ba. Sannan lokutan nan ba don mu aka yi su ba. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris da suke mayar da agogonsu baya muna gabansu da awa ɗaya, wasan 12:30 ya zama 1:30 daidai azahar, na 5:30 ya zama 6:30 ana kiran magariba ana take wasa, na takwas ɗin dare ya zama tara sai wajen sha ɗaya a tashi, yara 'yan makaranta na zaune iyaye na zuwa nema, ni ake gani da laifi. Na ƙarfe ukun nan da kuke rainawa shi ya fi mana daɗi a lokacin sanyi, ƙarfe huɗu ne a nan, an idar da la'asar a shigo, kafin magariba an watse.

Na Birmingham: Allah Ya yi maka albarka Oga, a nan ma kukan kenan. Mai bin kulob ɗinsa waje sai ya sayi tikitin jirgin ƙasa da wuri don ya samu sauƙi, kwatsam a ce an mayar da wasan Litinin ƙarfe takwas, ga aiki washegari ga ba jirgin dawowa bayan an tashi, mutumin Newcastle a ce ya je Bournemouth a irin wannan lokacin, ƙarshen ƙasa zuwa ƙarshen ƙasa. 'Yan wasa ma ba su tsira ba, Klopp ya sha yin faɗa kan a buga Champions ranar Laraba da daddare sannan a ba ka 12:30 ranar Asabar, har ya yi cacar baki da ɗan jaridar tashar BT a Nuwamban 2020 bayan canjaras da Brighton ranar da Milner ya ji ciwo. In aka cire dokar nan gaba ɗaya, ɗan abin da ya rage wanda ba tashoshi ke juya shi ba shi ma ya tafi.

Ɗan United: Ni kuma a nan nake ganin ka juya maganar yaya. Dokar ce ta jawo wannan wahalar ai! Da an yarda a haska na ƙarfe uku, me zai sa a kai wasa Litinin da daddare? Don an rufe musu wannan ƙofar ne suke fasa wasu. A buɗe, a bar wasanni a lokacinsu na asali, mai zuwa fili ya je mai kallo a gida ya kalla.

Mai Gidan Kallo: A'a ƙanena, ko an buɗe ba za su dawo da su ba. Mai tasha ba ya son wasa biyu su haɗu, so yake kowane ya samu lokacinsa shi kaɗai don a ga talla. Sifen ba su da irin wannan dokar amma duba Laliga, wasa goma a mako kusan kowanne da lokacinsa daga Juma'a har Litinin, har Kilasikon Disamban 2017 suka sa ƙarfe ɗaya na rana don mutanen Asiya su samu gani kafin su kwanta.

'Yar Chelsea: Amma fa in magoya baya suka tashi ana jin maganarsu. Jamusawa sun yi ta jifa da ƙwallayen tanis cikin fili kan wasan Litinin, kamar wasan Frankfurt da Leipzig a 2018, ƙarshe aka daina shi a Bundesliga daga 2021. A Ingilar ma lokacin korona da aka ɗage dokar sbd ba 'yan kallo, da suka ce sai an biya fam 14.95 kan wasa ɗaya bayan kuɗin wata, mutane suka ƙi saye suka riƙa ba da kuɗin ga wuraren raba abinci ga mabuƙata, cikin 'yan makonni aka janye tsarin.

Sai Masu Gida: 'Ya'yana tun ɗazu ina karantawa, kuna ta tausayin mutumin Manchester da bai ga Ronaldo ba, ba wanda ya tambayi me ya samu namu. Abin da Bob Lord ɗin nan ya ji tsoro ai a kanmu ya faɗa. Mu mun ga lokacin da ake cika fili don Raccah Rovers da Ranchers Bees da Mighty Jets, yaro ya san sunan ɗan wasan garinsu kafin na waje. Yau gasarmu ƙarfe huɗu na yamma ake bugawa, yawanci Lahadi, daidai lokacin da ake shirin babban wasan Firimiya, yaro na da ɗari biyu a aljihu, ina zai kai ta? Kano ce ma Allah Ya rufa mana asiri har yanzu filin Sani Abacha na samun jama'a, Pillars ta ci gasa 2008 ta kuma jera 2012 da 2013 da 2014, da Ahmed Musa ya dawo kun ga yadda gari ya motsa. Amma wasu garuruwan in ka ga hoton fili wlh sai ranka ya ɓaci. Turawan da suka sayar mana da wasansu sun kare nasu ƙananan da doka, mu muka buɗe ƙofa ba sharaɗi.

Ɗan United: Baba da girmanka amma ba talabijin ce ta kori mutane daga filayenmu ba. Mutum zai je a yi jifa a harba hayaƙi mai sa hawaye, alƙalin wasa na tsoron ransa, mai gida kusan kullum shi ke ci, 'yan wasa na bin albashi. A gyara wannan a gani in ba a dawo ba.

Sai Masu Gida: Duk abin da ka lissafa gaskiya ne ɗana, ina zuwa filin na fi ka gani. Amma da me za a gyara in ba mai shiga? Ni ban ce a rufe wa Oga gidan kallo ba, abincinsa ne. Cewa nake masu tsara gasarmu su ɗauki jadawalin Turai su ajiye a gaba kafin su sa namu, ranar da United da Liverpool za su haɗu 4:30 kar a sa Pillars da Enyimba ƙarfe huɗu, a kai shi Asabar ko a gyara fitilun fili a buga bayan isha'i lokacin da rana ta faɗi gari ya yi sanyi.

Mai Gidan Kallo: Baba in za a haska na gidan da hoto mai kyau kuma lokacin bai ci karo da na waje ba, ni zan fara rubuta shi a saman allo, don ranar da Pillars ke wasa a waje ana zuwa ana tambayata ko zan samo, mutum goma sha ba su da inda za su gani.

Na Birmingham: To ka ji Ɗan United, abin da Baba ke roƙo a yi wa Pillars shi ne dai abin da kake cewa a ƙwace wa ƙananan Ingila.

Ɗan United: Ba ɗaya ba ne yaya. Baba cewa ya yi ƙarami ya matsa ya nemi lokacinsa, bai ce a kashe wa kowa talabijin ba. Ƙananan Ingila ma su koma ƙarfe ɗaya kamar yadda na Jamus suka yi, mutum ya je filin garinsu ya dawo ya tarar da babban wasa. Wannan zan yarda da shi, amma a hana mutum ganin kulob ɗinsa da kuɗinsa, har gobe ban yarda ba.