Filtar ND da filasha da rana tsaka: wace lamba ta dace?

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum, malamai. Ana son hoton mutum da rana tsaka a f/2.8 (buɗewar ƙofar lens sosai; ƙaramar lamba, babbar ƙofa) don abin da ke bayansa ya yi dishi-dishi, filasha kuma ta kashe inuwar ƙarƙashin ido. A saurin shata 1/200 na daƙiƙa hoton na ƙonewa fari fat, a 1/1000 kuma baƙi na rufe sashensa. An ce filtar ND, gilashi mai duhu da ake ɗaurawa a gaban lens don rage haske, ita ce magani. Wace lamba za a saya?

Mai Hoto: Wa'alaikumus salam. Baƙin nan labulen shata ne, wato labule biyu da ke buɗewa su rufe a gaban sensa, farantin da ke ɗaukar hoton. Galibin kyamarori ba sa buɗe sensa gaba ɗaya sai a 1/200 ko 1/250 zuwa ƙasa. Da ka wuce nan, labule na biyu ya taso kafin filasha ta haska.

Ga lissafin. Rana ƙwal, ISO (ma'aunin jin hasken sensa) 100, shata 1/200, haske zai tsaya wajen f/11. Daga nan ƙirga: f/8, f/5.6, f/4, f/2.8. Mataki huɗu ke nan (kowane mataki na ninka haske sau biyu), filtar da za ta rage su ita ce ND16, wasu kamfanoni na rubuta 1.2 a jikinta. ND8 mataki uku ce, f/4 za ta kai ka. ND64 mataki shida, f/1.4.

Tsohon Hannu: Lissafin daidai ne, amma ɗan'uwa ka kula da inda ake yawan tuntuɓe: filtar ba ta ƙara wa filasha ƙarfi ko kaɗan. Yadda ta rage hasken rana, haka ta rage na filasha. Ko da kyamara na nuna f/2.8, filashar aikin f/11 take yi. Filasha mai lambar ƙarfi 36 a ISO 100 (lambar da ake rabawa da lambar f a sami nisan da haskenta ke kaiwa), raba da 11, mita uku da ɗan wani abu ke nan a cikakken ƙarfi, kuma ba a rufe ta da komai ba. Sa ta cikin lemar tausasa haske, mataki ɗaya zuwa biyu ya tafi, dole a matso da ita. Sauƙin abin, cike inuwa ba ya buƙatar a kamo rana. Bar filashar ƙasa da hasken wurin da mataki ɗaya ko biyu, in ba haka ba fuska ta fito kamar an manna ta.

TTL, tsarin da kyamara ke saita ƙarfin filasha da kanta, na aunawa ta cikin lens, shi zai gyara da kansa. Da mitar auna haske ta hannu kuwa, in ta ce f/11, kai ka sa f/2.8, tunda ND16 na kan lens.

Ɗan Koyo: Na gode. To HSS fa, tsarin da ke barin filasha ta yi aiki da shata mai sauri, ba ta fi sauƙi ba?

Tsohon Hannu: Ta fi sauƙi, amma tana cin wajen mataki biyu na ƙarfin filasha, ga shan batir da zafi, domin walƙiya take ta jerawa har labulen ya gama wucewa.

Mai Hoto: Ƙari kaɗan. ND mai juyawa, wadda ake murzawa don ƙara ko rage duhunta, in an kai ta ƙarshe a lens mai faɗi, tana zana baƙin X, mai araha kuma kan canza kala, sai an daidaita fari da katin toka. A DSLR, kyamara mai madubi a ciki, mataki shida kan duhunta wurin leƙawa har fokas ya riƙa kai-komo. Sayi filta mai faɗin 77mm ko 82mm, ka haɗa da zoben ƙari da ke ɗaura babbar filta a kan ƙananan lens.