Yaro zai fara hawan takalmin taya: me za a saya, ta ina za a fara?

Hadiza: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawara kan takalmin taya, irin wanda tayoyinsa ke jere a layi ɗaya. Yaro ne ɗan shekara 10, bai taɓa hawa ba. Wane iri ya dace da shi, kuma ta ina ake farawa don kada ya ji ciwo?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin takalmin ma, a fara da kayan kariya, don faɗuwa kam sai ya faɗi. Guda huɗu ne: hular kwano, kariyar wuyan hannu, ta gwiwar ƙafa da ta gwiwar hannu. Wuyan hannu shi ne inda aka fi jin rauni a wasan nan, saboda duk wanda ya ji zai faɗi, hannu yake fara dafawa ƙasa. Kariyar tana da wata roba mai tauri ta wajen tafin hannu, ita ke sa hannun ya zame gaba maimakon ya cije ya lanƙwashe. Hular kuma a leƙa cikinta a ga ko akwai shaidar gwaji, kamar EN 1078 ko CPSC ko ASTM F1492. Ta zauna daidai a kai, tazarar yatsa biyu saman gira, kada ta koma ƙeya ta bar goshi a buɗe. Igiyar haɓa a ɗaure ta yadda yatsa ɗaya kawai zai shiga.

Sa'adatu: Anti Hadiza, roƙona ɗaya, kada a sayi takalmi babba wai don ya girma a ciki. In ƙafa na yawo a ciki, idon sawu yakan karkata, tayoyin su kwanta ta ciki, ga bororo ga targaɗe. Akwai na yara da ake iya tsawaitawa da maɓalli, yakan ci lamba kusan huɗu. Kamfanonin Rollerblade da K2 da Roces duk suna yin irinsa. In an sa, yatsu su kusa taɓa gaba amma ba a matse ba, diddige kuma kada ya ɗago in ya durƙusa. Ki kama wuyan takalmin ki murɗa hagu da dama da hannu. In ya lanƙwashe cikin sauƙi, ba zai riƙe idon sawu ba, ki ajiye shi.

Nura: Ƙari kan maganar Yaya Sa'adatu, a duba tayar. Za ki ga lambobi biyu a jikinta, misali 72mm/82A. Ta farko girmanta ne, ta biyu taurinta. Ga yaro mai koyo milimita 64 zuwa 72 ta wadatar, babban mutum kuma 76 zuwa 80. Tayoyin 100 ko 110 na masu gudu ne, suna ɗaga ƙafa sama da ƙasa sosai, tsayuwa ta yi wuya. Tauri tsakanin 78A da 85A ya yi. Ki danna da farce, in kin ji kamar robar bokiti mai ƙwanƙwasa, wannan ba ta kama ƙasa, zamewa take yi. Lambar ABEC da ake rubutawa kan boris ɗin taya, mai nuna daidaiton ƙirarsa, kuwa kada ta ɗauke miki hankali, 3 ko 5 sun ishi mai koyo.

Hadiza: Na gode ƙwarai. To ranar farko fa? A riƙe masa hannu ne?

Malam Bashir: Ranar farko a kan ciyawa ko kafet, inda taya ba ta gungurawa. Ya koyi tsayuwa tukuna: gwiwa a lanƙwashe har ta rufe masa ganin yatsun ƙafa, ƙirji ya ɗan rankwafo, hannuwa a gaba. Masu koyo sukan miƙe tsaye cak in tsoro ya kama su, nan take ƙafafu su gudu gaba, a faɗi ta baya a kan ƙugu ko ƙeya. Wannan ce faɗuwa mafi muni. Don haka a koya masa: da ya ji tangaɗi, ya ƙara duƙawa ya kama gwiwoyinsa.

Sai ya koyi faɗuwa da gangan, sau goma ko fi. Gwiwa ta fara sauka a kan kariyarta, sannan tafin hannu, yatsu a ɗage sama don kada su kurje. Tashi kuma: ya durƙusa, ya kafa ƙafa ɗaya a gaba, ya dafa gwiwar da hannu biyu, ya tashi a hankali. Bayan haka sai taku irin na agwagwa, diddige a haɗe, yatsu a buɗe kamar harafin V, gajerun taku. Da ya koma kan siminti mai sumul, takun nan shi zai zama zamewa da kansa.

Sa'adatu: Batun riƙe hannu, ni ban cika so ba, Malam. Mai riƙewa yakan ɗaga hannun yaro sama, jikinsa ya miƙe, nauyinsa ya koma baya. In dole ne, a tsaya a gabansa a miƙa masa hannu daidai ƙugunsa, shi ya dafa, ba a ja shi ba.

Malam Bashir: Haka ne, na yarda. Kada kuma ya saba da rataye a jikin bango.

Nura: Birki shi ne abin da ake tsallakewa, kuma shi ne bai kamata a tsallake ba. Yana bayan diddige, yawanci a ƙafar dama. Mutane kan ɗaga yatsun ƙafa kawai suna jiran ya kama, alhali ƙafafu na gefe da gefe, sai su juya ko su kife. Ga yadda ake yi: yana tafiya a hankali, ya sauke nauyinsa kan ƙafar hagu, ya tura ta dama gaba tsawon takalmi guda, sannan ya ɗaga yatsun har robar ta taɓa ƙasa, ya ƙara zama kamar mai neman kujera. Zaman nan ne ke danna birkin. A zana layi da alli, ya riƙa tsayawa kafin ya kai shi. Sai ya iya hakan sau goma a jere kafin a bar shi kusa da gangara, komai ƙanƙantarta. Titin mota kuwa babu shi a lissafi, balle kama bayan mota ko babur a ja shi.

Sa'adatu: A share wurin kafin a fara. Tsakuwa ɗaya ta isa ta tsayar da tayar gaba cak, jiki ya wuce. Yashi yana shiga boris ya ci shi, ruwa kuma ga tsantsi ga tsatsa. Minti 20 zuwa 30 ya isa a makonnin farko, don in ƙafa ta gaji tsayuwar ke lalacewa. Safa doguwa wadda ta wuce wuyan takalmin. Kariyar wuyan hannu a sa ta a ƙarshe, in ba haka ba ba zai iya ɗaure igiya ba.

Nura: Kafin kowane hawa a bi kusoshin taya da alanki, wato ɗan ƙarfen ɗaure kusa mai kusurwa shida, yawanci mai milimita 4 ne, a tabbatar babu wadda ta kwance. Taya takan cinye ta gefen ciki. In kin ga ta fara karkacewa, a cire, ta farko ta koma gurbin ta uku, ta biyu gurbin ta huɗu a ɗaya ƙafar, gefen da ya cinye ya kalli waje. Robar birki ma tana ƙarewa, a sauya ta kafin ta kai ga kusar da ke riƙe da ita.

Hadiza: Allah ya saka da alheri. Hular keke za ta yi, ko sai an sayi wata?

Malam Bashir: Za ta yi in tana da shaidar gwajin kuma ta zauna daidai, amma mai zagaye wadda ta sauko ta rufe ƙeya ta fi dacewa da mai koyo. In ta taɓa buguwa da ƙarfi, a sauya ta ko da ba a ga tsaga ba, domin soson cikinta ya riga ya matse.