Ina son haɗa ƙaramar kwamfuta: daga ina zan faro?

Nura: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawara. Teburina ƙarami ne, kuma ina son kwamfutar da zan iya sakawa a jaka idan tafiya ta kama. Aikina shirya bidiyo, da wasanni jefi-jefi. Abu ɗaya na riga na mallaka, katin hoto RTX 4070. Na sa masa rula: tsawonsa milimita 300, kaurinsa 50. Sauran ban taɓa komai ba. Ku ɗora ni a hanya.

Injiniya Kabiru: Wa'alaikumussalam Malam Nura. Ka yi dabara da ka auna katin kafin ka zo, don a wannan harka katin hoto da akwati su ne ke yanke hukunci, sauran sassa bin su suke yi. Wanda ya saba da babban akwati yakan fara da furosesa, ya zaɓi akwati a ƙarshe don kyan gani. A nan ba haka ba ne. Lambobi uku za ka riƙe a kan kowane akwati: tsawon katin da yake ɗauka, kaurin katin, da tsayin kular furosesa, wato na'urar da ke sanyaya ta. In ɗaya ya saɓa ko da milimita biyu ne, murfi ba zai rufu ba.

Madabod kuwa, wato babban allon da sauran sassa ke hawa, Mini-ITX za ka nema. Milimita 170 ne kowane gefe, tsarin da kamfanin VIA ya fito da shi a 2001. Gurbin kati ɗaya gare shi, gurbin RAM biyu. Saboda haka ka sayi RAM ɗin da zai ishe ka tun yanzu, babu wurin ƙari daga baya sai dai ka cire na ciki.

Ummi: Tun da wannan ne karonka na farko, ni akwatin Cooler Master NR200 zan ce maka. Wajen lita 18 ne, yana ɗaukar kati har milimita 330 mai kaurin gurbi uku, kular furosesa kuma har 155 idan murfin raga ka sa. Abin da ya fi burge ni da shi, kati yana shiga kai tsaye a madabod, babu ruwanka da raiza, wato igiyar da ke haɗa kati da madabod in ba a soka shi kai tsaye ba. Hannunka zai shiga ciki, wayoyi za su samu wurin kwanciya. Da shi na fara, kuma har yau ban ji fankarsa ta dame ni ba.

Nura: Na gode Yaya Ummi. Na duba shi, yana da kyau, amma lita 18 ba zai shiga jakata ba. Fractal Terra fa? Shi idona ya tsaya a kai.

Injiniya Kabiru: Terra lita 10.4 ne, kuma katinka zai shiga ta wajen tsawo, don yana ɗaukar har 322. Amma ka fahimci gininsa. Akwai bango a tsakiya: madabod a gefe ɗaya, katin hoto a ɗaya gefen, suna ba juna baya, raiza ce ke haɗa su. Wannan bangon ana iya matsar da shi. In ka ba kati fili, ka rage wa kula. In ka ba kula, ka matse kati. Tsayin kula yana kamawa daga 48 zuwa 77, kaurin kati daga 72 zuwa 43, wato jimillarsu kusan 120 ne duk inda ka ajiye bangon. Naka mai 50 ne, don haka abin da zai rage wa kula kusan 70 ne, in ka bar wa katin 'yar tazara kuma bai wuce 67 ba. Ka kuma buɗe littafin akwatin ka duba faɗin katin, domin katin da ya yi faɗi sosai yana cin karo da ƙarfen sama, sai lissafin ya canza.

Malam Haruna: Injiniya, a yi mini afuwa in ƙara abu ɗaya a nan, domin na sha wahalarsa. Kada Nura ya ga 67 ya je ya sayi kula mai 67 cif. Zai shiga, murfi zai rufu, amma fanka za ta manne da ramukan murfin. Iska tana kutsawa ta ƙananan ramuka dab da fikafikan fanka, sai ka ji wani irin fito mai shiga kunne. Na yi sati biyu ina zaton fankar ce ta lalace, har na canza ta, ƙarar ba ta tafi ba. Da na cire murfin sai tsit. Abin da ya magance shi, na koma kula mai gajarta, na bar 'yar tazara tsakanin fanka da murfi. Haka ma ɓangaren kati, fankokinsa su ma suna son sarari.

Thermalright AXP90-X47 tsayinsa 47 ne, akwai na jan ƙarfe zalla. Noctua kuma suna da NH-L9a mai 37 na AMD, da NH-L9x65 mai 65. In furosesarka ba mai cin wuta ba ce, na 47 ɗin zai riƙe ta.

Nura: Wannan ƙarar da ba ka faɗa ba, da ban san da ita ba, Malam. Allah ya saka da alheri. To furosesa fa? Ni zuciyata tana kan mafi ƙarfi.

Ummi: Ƙanena, a nan dai sai ka danne zuciya. Duk wutar da furosesa ta sha, zafi take komawa, kuma kula mai tsayin milimita 47 tana da iyakar abin da za ta iya kwashewa. In ka ɗora mata furosesa mai jan wat 200, za ta kai maƙura cikin daƙiƙu, ta rage gudu da kanta, fanka kuma ta riƙa ihu. Ka biya kuɗin ƙarfin da ba za ka mora ba ke nan. Ryzen 5 7600 ko Ryzen 7 7700, dukkansu ajin wat 65 ne, jan su ba ya wuce 88. Tun da bidiyo kake yi, 7700 mai ƙwaya takwas zai fi maka amfani.

Kuma kada ka firgita idan ka ga zafi ya haura 85 lokacin fitar da bidiyo. Jerin Ryzen 7000 an gina su ne su riƙa ture kansu har digiri 95. In kana son sauƙi, shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ka rage mata wuta kaɗan ta Curve Optimizer, sannan ka gwada ta sa'o'i ka tabbatar ba ta tsayawa.

Bello: Ni dai ban ga dalilin wannan matsi ba. Me ya sa ba zai ɗauki A4-H2O na Lian Li ba? Lita 11 ne, yana ɗaukar kular ruwa mai lagireto 240, sai ya sa furosesar da ransa ke so.

Injiniya Kabiru: Shawara ce mai kyau, Bello, kuma ga wanda kwamfutarsa za ta zauna wuri ɗaya zan goyi bayanka. Sai dai Nura ya ce zai riƙa yawo da ita. Kular iska ƙarfe ce da fanka, abin da zai lalace a jikinta kaɗan ne. Ta ruwa tana da famfo da bututu, ga lanƙwasa bututun a cikin lita 11 aiki ne ga wanda bai taɓa yi ba. Ni zan bar masa ta iska.

Bello: Na yarda da batun tafiyar. Amma ya riƙa kula da katin ma, nauyinsa na jijjiga a jaka. Ya ɗaure sukurorinsa da kyau.

Nura: Saura na'urar ba da wuta da RAM.

Malam Haruna: Na'urar ba da wuta, wato PSU, mai girman SFX za ka nema, ba SFX-L ba. Faɗinsu da kaurinsu ɗaya, amma SFX zurfinsa 100 ne, SFX-L kuma 130. Wannan 30 ɗin shi ne wurin da wayoyi za su lanƙwasa, shi ne kuma wurin fankar ƙasa. Katinka wat 200 yake ja, Nvidia ta ce 650 ya isa. Corsair SF750 shi mutane da yawa ke sawa, wayoyinsa gajeru ne daidai ƙaramin akwati, kuma duk ana cire su, sai ka jona waɗanda kake buƙata kawai. Gargaɗi ɗaya da ba na gajiya da maimaitawa: kada ka ɗauko wayar wani PSU ka jona a wani, ko da bakin ya shiga. Tsarin ƙusoshin ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni, kana iya ƙona kati ko ma'ajiya nan take.

Ka duba bakin wutar katinka kuma. In mai ƙusa takwas ne, shi ke nan. In sabon nan ne mai ƙusa 16, ka tura shi har ya ce ƙas, kada ka bar ko siririn fili, kuma kada ka karya wayar dab da bakin. Rashin shigarsa sosai shi ne abin da Nvidia ta danganta narkewar da aka gani a RTX 4090 da shi a 2022.

Ummi: RAM kuma DDR5 ne dole, AM5, wato soket ɗin da waɗannan Ryzen ke zama, ba ya karɓar DDR4. Ɗauki GB 16 sau biyu, ko 32 sau biyu in bidiyonka masu nauyi ne, gudun 6000 mai EXPO, wato saitin gudun RAM na AMD. Ka guji masu dogon kambi da fitilu, suna tokare kula. Sannan ka kalli hoton madabod ɗin da kyau, wasu ƙarafunan sanyayarsu da ke kewaye da furosesa dogaye ne. Noctua suna da jerin madabod da kowace kularsu ke shiga, ka bincika naka a ciki. Shafin PCPartPicker, mai duba dacewar sassa, zai gaya maka soket ya dace, amma ba kowane cin karo na ƙarfe da ƙarfe yake gani ba.

Injiniya Kabiru: Ranar haɗawa, ka fara a kan kwalin madabod, a wajen akwati. Sa furosesa, RAM, ma'ajiyar M.2, kula, ka soka kati kai tsaye ba raiza, ka kunna. Karon farko AM5 yakan ɗauki mintuna yana daidaita RAM, monita baƙi ƙirin, ka yi haƙuri kada ka kashe. In hoto ya fito a waje amma ya ƙi fitowa bayan ka shigar akwati, ka san raiza ce abin tuhuma. Ta Terra PCIe 4.0 ce, daidai da katinka. Idan ta ƙi, shiga BIOS ka tsayar da gurbin a Gen 4 maimakon Auto. Kuma ka jona wayar wutar furosesa mai ƙusa takwas kafin ka ɗaure madabod, don daga baya yatsa ba ya kaiwa wurin.

Nura: To ga abin da na tsayar: Terra, Ryzen 7 7700, madabod B650 Mini-ITX, RAM 32 sau biyu marasa kambi, AXP90-X47, SF750, M.2 guda ɗaya. Na sake auna katin da daren nan, kaurin 50 ne, faɗin kuma zan gwada da littafin akwatin gobe kafin in yi oda.

Malam Haruna: M.2 ɗin ka sa shi a gurbin gaba mai ƙarfen sanyaya. Na bayan madabod yana matse tsakanin bango da raiza, iska ba ta kai masa. In ka gama, turo mana zafin furosesa da na kati bayan minti talatin na fitar da bidiyo, mu ga ko bangon yana bukatar matsawa mataki ɗaya.