Ayurveda da cutar baƙin fangas a Indiya: abin da jama'a suka ce

Ga taƙaitaccen abin da aka tattauna kan ko Ayurveda, wato maganin gargajiya na Indiya, zai taimaka wajen magance baƙin fangas, cutar da ke cin naman hanci da ido, wadda ta addabi Indiya a 2021, lokacin korona.

1. Baki ya zo ɗaya: asibiti ne farko. Allurar amphotericin B mai kashe fangas, da tiyata a cire naman da ya mutu a hanci ko ido. In aka yi jinkiri, takan kai ƙwaƙwalwa.
2. A kula da suga. Cutar ta fi kama masu ciwon suga da aka ba sitiroyid, wato maganin rage kumburi.
3. Nan aka rabu. Wasu suka ce a haɗa da Ayurveda don ƙarfin jiki. Wasu suka ce a'a, an samu dalma a wasu haɗe-haɗen, ga allurar da ma tana wahalar da ƙoda. A ganina na biyun sun fi hujja.
4. Duk abin da za a sha, likita ya sani tukuna.